Gajartar Kalma da Faɗin Allo: Darasi daga Shagunan Hoto na Agye, Gazawa da Gidan Rumji

A garuruwan da ke kan babbar hanya mai lamba ɗaya a jihar Maraɗi, daga Gidan Rumji har zuwa Agye da Gazawa, mai shagon hoto kan yi aikinsa ne da ƙaramar kwamfutar tafi-da-gidanka. A kanta yake gyara hoton katin shaida da na biki da na suna. Matsalarsa ta kullum ita ce cunkoso: akwatunan kayan aiki sun tare dama da hagu, jerin umarni ya tare sama, fuskar da ake gyarawa kuma ta maƙale a tsakiya kamar baƙuwa. Idan bai ga tabo ba saboda ƙarancin wuri, sai bayan an buga hoton zai bayyana, takarda da tawada sun tafi a banza.

Rabin maganin yana cikin manhajar kanta. A Photoshop, danna madannin Tab yana ɓoye dukkan akwatunan, a bar hoto shi kaɗai. Haɗa Shift da Tab yana kawar da akwatunan gefe amma ya bar kayan aiki. Madannin F kuma yana sauya yanayin allo har hoton ya cika shi. Wanda ya rufe abin da ba ya buƙata zai iya adana tsarin da suna, ta hanyar «Fenêtre» sannan «Espace de travail», tunda da Faransanci akasarin waɗannan kwamfutoci suke magana. A GIMP, wadda kyauta ce, Tab na yin irin wannan aiki, kuma tun fitowar 2.8 a 2012 ana iya tattara tagoginta wuri guda.

Sauran rabin kuwa na masu nazarin harshe ne, domin kalma ma tana cin wuri. Abin da ake kwafar wani sashe na hoto da shi don rufe tabo, sunansa a Faransanci «Outil Tampon de duplication», kalmomi huɗu cur. Tun da dokar da aka ƙaddamar a watan Maris na 2025 ta ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa a Nijar, tambayar yadda za a rubuta irin waɗannan umarni da Hausa ta zama ta gaske. Mai fassarar da ya bi Faransanci sau da ƙafa zai haifar da jimla a inda ake buƙatar kalma guda, ya ƙara cunkoson da ake gudu.

Hausa tana da abin da za ta yi tattali da shi. Umarni tsurarsa, ba tare da wakilin suna ba, gajere ne kuma ba ya nuna jinsi. «Goge» ya wadatar. «Ka goge» ya ware mace, «ki goge» ya ware namiji, «ku goge» kuma ƙarin harufa ne kawai. Rukunonin aikatau da F. W. Parsons ya tsara a 1960 su ma suna ɗauke da ma'anar da wani harshe zai buƙaci ƙarin kalma kafin ya bayyana ta. Wasalin ƙarshe na rukuni na huɗu yana nuna kammalawa, saboda haka «yanke» ya dace da datse gefen hoto fiye da «yanka». «Shigo da» da «fitar» sun raba shigo da hoto cikin manhaja da fitar da shi, kowanne da alkiblarsa a jikinsa. Har akwai inda Hausa ta fi: Faransanci yana amfani da «Annuler» ga soke umarnin da ba a zartar ba da kuma warware wanda aka riga aka yi, alhali «fasa» da «warware» sun bambanta su sarai.

Gajarta tana da tarkonta. Rubutun yau da kullum ba ya nuna karin sauti ko tsawon wasali, don haka «goge» a rubuce yana iya zama kayan kiɗa. A jerin umarni muhalli yana hana ruɗani, amma ba kullum ba, kuma wannan shi ne dalilin da ya sa bai kamata a raba kalma da alamarta ba sai an gwada ta a gaban masu sana'ar. Akwai kuma batun harufa masu lanƙwasa: salon rubutun da ba shi da ƙ da ɗ da ɓ zai mayar da «buɗe» wani abu daban, kuma ƙa'idar rubutu ta Nijar tana amfani da ƴ a inda Nijeriya ke rubuta 'y.

Kalmar da ta fi wuya ita ce «calque», sunan fallayen da ake jerawa bisa juna a cikin hoto. Ɗaliban ilimin harshe sun san ta da wata ma'ana, wato aron fassara kalma da kalma, ainihin abin da ake gargaɗi a kansa a nan. «Shimfiɗa» ta fi kusa da ma'ana, «falle» ta fi gajarta, jam'inta «fallaye» kuma yana shiga kan akwati ba tare da an datse shi ba. Ɗalibin Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ta Maraɗi da ke neman batun kundi zai iya kai kalmomin biyu shagunan Gazawa da Tibiri, ya ji wacce masu hoto za su ɗauka.