Yadda Ake Farautar Duwatsun Ƙanƙara a Bayan Neftun

Ka taɓa shiga adaidaita sahu daga Gyaɗi-Gyaɗi ka bi titin Zariya kana leƙen waje? Falwayoyin bakin titi wucewa suke fiu-fiu, amma dogon benen da ke can nesa kamar tare kuke tafiya. To, riƙe wannan, don da shi masana falaki ke gane nisan abin da suka hango a sama.

Bayan duniyar Neftun, wadda nisanta da rana ya ninka namu sau 30, akwai wani yanki mai suna Zoben Kuiper, cike da curin duwatsu da ƙanƙara. Ba su da hasken kansu. Hasken rana ne ke dukansu ya dawo mana, kuma yana raguwa a tafiya da dawowa. Idan nisan abu ya ninka sau biyu, haskensa zai ragu kusan sau 16. Shi ya sa a hoto ɗaya ba ka isa ka bambance su da dusassun taurari ba: ɗigo ne cikin dubban ɗigo.

Dabarar ita ce a ɗauki hoton wuri ɗaya a sama, a dakata, a sake ɗauka, sannan a gwada. Taurari suna nan inda suke. Ɗigon da ya gusa, shi ne abin nema. Ga inda adaidaitarmu ta shigo: Ƙasa ce ke gudu da mu a kewayen rana. Dutsen da ke tsakanin Mas da Jufita sai a ga ya yi tsalle sosai, na bayan Neftun kuwa da ƙyar yake motsawa, kusan kashi ɗaya cikin goma na wancan. Saurin gusawar shi ke tona nisan.

Haka Clyde Tombaugh ya gano Fuluto a 1930, yana kallon hotuna biyu da aka ɗauka kwana shida tsakani, da idonsa kawai, ba kwamfuta. Sai da aka shekara 62 kafin David Jewitt da Jane Luu su gano wani a yankin, a 1992 a Hawai, bayan shekara biyar suna nema ba su ga komai ba. (Mu da furojet ɗin zango ɗaya ke sa mu ƙorafi!) Da aka gano Eris a 2005, wadda ta fi Fuluto nauyi, sai rigima ta tashi, har a 2006 aka sauke Fuluto daga jerin manyan duniyoyi.

Yanzu aikin ya koma na manhaja. Cibiyar Vera Rubin a ƙasar Chile, wadda ta fitar da hotunanta na farko a Yunin 2025, kyamararta megafiksel 3,200 ce, kuma za ta shekara goma tana maimaita ɗaukar sararin kudu duk bayan 'yan kwanaki.

Wani zai ce, mu a Tarauni da hazo da fitilu suka rufe mana sama, ko Kaza da 'Ya'yanta da ƙyar muke gani, ina ruwanmu? Ai ba sai ka ɗaga kai ba. Shirin IASC yana raba wa ƙungiyoyin ɗalibai hotunan madubin Pan-STARRS na Hawai kyauta, su bincika da manhajar Astrometrica, kuma ɗaliban Najeriya suna shiga. Gaskiya yawancin abin da ake samu a nan duwatsun kusa ne, amma dabarar ɗaya ce. Laftof da data da abokai biyu-uku sun isa a haɗa tawaga.