Yadda Ake Zaɓen Farfelar Ƙaramin Jirgin Ruwan Tsere

Da damina ta kankama a Tudun Wadan Zariya, kududdufai sun cika, Kogin Kubanni ya kawo, sai sana'ar yara masu ƙere-ƙere ta koma ruwa. Su sassaƙa farin soson nan da ake kunshe firiji da shi, su ciro ƙaramin inji daga mataccen rediyo, su yanko farfela daga gwangwanin madara. Tambayar da ke haɗa su gardama ita ce dai wadda ke gaban masu tseren jiragen rimot a Turai da Amurka, ƙarƙashin ƙungiyoyi irin su NAVIGA da IMPBA: fukafukai biyu za a sa, ko uku?

Da injin ake farawa. Kowane fiffike da aka ƙara, ƙarin ruwa ne farfela za ta tura, ƙarin nauyi ne a wuyan inji da batir. Injin da ke juyawa da sauri amma ƙarfinsa kaɗan ne, biyu ya fi so. Jirgi mai nauyi, wanda ke jan jiki kafin ya hau saman ruwa, shi ke amfana da uku.

Sai karanta lamba. Kamfanin Octura na Amurka yana rubuta girman farfela a jikin sunanta. X440 na nufin faɗinta milimita 40, a ninka da 1.4 a sami milimita 56, wato nisan da za ta ci gaba a juyi ɗaya, kamar yadda sukuru ke nutsewa cikin katako. In an ga X440/3, mai fukafukai uku ce. Lissafin yana da daɗi: injin da ke juyi 30,000 a minti ɗaya, da wannan farfela, a takarda zai yi kilomita 100 a awa. A ruwa ba ya kaiwa, don ruwa yana zamewa, kuma nan ne yawan fukafukai ke shigowa. Farfelar jirgin tsere rabinta a wajen ruwa take, rabi a ciki. Mai biyu, fiffike ɗaya ke dukan ruwa a lokaci guda, jan baya kaɗan ne, shi ya sa ta fi gudu a miƙaƙƙiyar hanya. Mai uku ba ta cika sakin ruwa ba, don haka tashinta ya fi kaifi, tana riƙe jirgi a kwana, girgizarta ma ta fi sauƙi. Tunda tseren zagaye kwana ce bayan kwana, wani lokaci jirgin da ya fi jinkiri a miƙe shi ke riga kowa kammalawa.

Mataki na gaba gwaji ne, kuma da mai biyu ya kamata a fara. A kafa alama biyu a bakin ruwa, a auna lokaci da agogon waya, a yi gudun minti ɗaya, a fito da jirgin, a ɗora yatsa a kan injin. In yatsa ya kasa jure daƙiƙa biyar, farfelar ta yi masa girma.

Wanda zai koma uku sai ya rage faɗi da milimita biyu ko uku, in ba haka ba injin zai ƙone. Ya kuma sa ido kan yadda jirgin ke kishingiɗa. Yawancin farfelolin nan, in an dube su ta baya, hagu suke juyawa, suna karkatar da jirgi dama. In karkatar ta ƙaru, a matsar da batir hagu kaɗan. Abu ɗaya ake sauyawa a kowane gwaji.

Daidaita nauyin farfela shi ne wurin da aka fi yin sakaci, alhali rashinsa ke cinye sandar juyi. A rataye farfela a kan siririn ƙarfe, fiffiken da ya faɗo ƙasa shi ne mai nauyi, a rage shi da magagari ta bayansa mai tudu, kada a taɓa fuskar da ke tura ruwa. Farfelolin tagulla da yawa akwai sinadarin beriliyam a cikinsu, ƙurarsa guba ce ga huhu, don haka da jiƙaƙƙiyar samfefa ake goge su.

Ga yaron da almakashi ne kayan aikinsa, biyu ta fi. Raba da'ira gida uku daidai, digiri 120 kowanne, sannan a lanƙwasa su kusurwa ɗaya, aiki ne da ke buƙatar ma'auni, kuma fiffike ɗaya da ya kauce ya isa ya sa jirgin rawa har manne-mannensa su saki.