Kurege da Kanari: Wanda Muke Ƙi da Wanda Muke So

'Yan'uwa, a darasinmu na yau za mu duba halittu biyu da dukanmu muka sani.

Na fari shi ne kurege. Duk wanda ya baro Bawku ko Tamale ya zo Kumasi neman abinci ya san shi. Yana da farin layi a kowane gefen jikinsa, yana kwana a ramin da ya haƙa, da rana yake fita kiwo. Yakan tone gyaɗar da aka shuka, ya ci rogo, ya binne saura don wata rana. Shi ya sa manomi yake kiransa ɓarawo, yara kuma su bi shi da karnuka.

Na biyu shi ne kanari. Tsawonsa kamar santimita 12 ne, ƙirjinsa rawaya. Abincinsa 'ya'yan ciyawa ne da ƙananan ƙwari. Namijin ne mai waƙar nan mai daɗi. Ba mai jifansa. Sai dai a kafa masa tarko, a sa shi a keji, a rataye a ƙofar shago a Aboabo ko Asawase.

To, ku lura da wannan. An daɗe ana fitar da kanari daga Afirka ta Yamma zuwa Turai. A 1976 Ghana ta sa shi cikin tsuntsayen da ake sa ido a kan cinikinsu a ƙarƙashin yarjejeniyar CITES. A 2007 Tarayyar Turai ta hana shigo da tsuntsayen da aka kamo a daji. Kuregen da ake ƙi yana nan a raminsa. Kanarin da ake so shi ne ya rasa daji.

Ya kai mai karatu, ba ƙiyayya kaɗai take cutarwa ba. Akwai ƙaunar da take ɗaurewa. Wani ya ɗauko 'yar ƙanensa daga arewa, ya ce zai riƙe ta. Tana ci, tana sha, amma ba ta taɓa shiga aji ba, domin aikinta yana masa daɗi. Wannan ma keji ne.

Abin tunani:
1. Wa kake riƙe da shi don amfanin kanka, kana ce masa ƙauna?
2. Wace ƙofa za ka buɗe masa a wannan mako?