Yadda Ake Horar da Ƙwararren Malamin Yara Masu Buƙata ta Musamman

Matashin da ya tashi a garin Gulma na Jihar Kebbi da burin ƙwarewa a koyar da kurame, makafi da yara masu galahanga, tafiya ce mai nisa a gabansa. Zangon farko shi ne takardar NCE ta shekara uku, wadda zai iya samu nan kusa da gida, a Kwalejin Ilimi ta Adamu Augie da ke Argungu. In kuwa tun farko fannin yake so tsantsa, sai ya nufi Oyo, inda Gwamnatin Tarayya ta buɗe kwalejin ilimi ta musamman a 1977. Daga nan sai digiri na farko a jami'ar da ke da sashen, kamar Bayero ta Kano, ko Jos, ko Ibadan, a koyi maganar hannu da rubutun makafi. Sai digiri na biyu: darussa, bincike, da kundin da zai kare a gaban malamai.

Duk wannan share fage ne. Ƙwarewa tana zuwa ne daga zama da yaro a ƙarƙashin idon wanda ya riga ka iyawa, musamman a fannin nazarin ɗabi'a a aikace, wanda ya samo tushe daga binciken B. F. Skinner na Amurka. A ce yaro yana kifar da kwanon tuwo yana ihu duk maraice. Ɗalibi zai zauna a gefen tabarma da littafi, ya rubuta abin da ya faru kafin ihun, da yadda ihun yake, da abin da ya biyo baya. Kwana da kwanaki yana ƙirgawa, har ya gano cewa da an yi ihun uwa take miƙo ruwa. Ashe ƙishirwa ce, bakin faɗa ne babu. Sai a koya wa yaron nuna moɗa, a ba shi ruwa nan take, a ci gaba da ƙirga don a ga ko ihun ya ragu. Hukumar da ke ba da shaidar wannan fanni a Amurka tana neman digiri na biyu da kimanin awa 2,000 na irin wannan aiki, kuma tun Janairun 2023 ta daina karɓar sabbin masu nema daga ƙasashe irin namu. Ke nan dole jami'o'inmu su gina nasu tsarin sa ido.

Wasu za su ce dabarar Turawa ce, ba ta dace da mu ba. To, ai lura da yaro ba ta da ƙabila, kuma wanda bai ji Hausar Kabi ba, ta yaya zai fahimci uwar da ke masa bayani a tsakar gida? Sukar da ta fi nauyi ita ce ta wasu manya masu galahanga, waɗanda suka ce an horar da su biyayya kawai. Suna da gaskiya a inda aka yi hakan, shi ya sa mai sa ido yake zama wajibi, ya tabbatar abin da ake koya wa yaro amfanin kansa ne.

Dokar hana wariya ga masu nakasa, wadda aka sa wa hannu a Janairun 2019, ta ba su haƙƙin ilimi kyauta har sakandare. Don wannan haƙƙi ya tabbata, muna roƙon Gwamnatin Jihar Kebbi ta zaɓi malamai daga Gulma, Argungu da Birnin Kebbi, ta tura su ƙaro karatu da albashinsu, da sharaɗin su dawo aji.