Abin da ya kashe kyanwa yana iya kashe yaro

 Darasinmu na wannan fitowa a kan kyanwa yake, wadda wasu ke kira mussa, wasu kuma mage. Wani zai ce: ina ruwan shafin lafiya da noma da kyanwa? To, a yi haƙuri a karanta.

Kyanwa ma'aikaciya ce, ba ta karɓar albashi. Masu bincike sun nuna cewa mutum ya fara zama da ita kusan shekara 10,000 da suka wuce, a ƙasashen Gabas ta Tsakiya, lokacin da aka soma noma ana tara hatsi. Hatsi ya jawo ɓera, ɓera ya jawo kyanwar daji, ita kuwa da ta zo sai ta zauna. Har yau aikinta ke nan. Ɓera mace, ko kusu, mako 3 kawai take yi da ciki, kuma ba ɗa ɗaya take haifa ba. Gidan da ya rasa kyanwarsa bayan kaka, rumbunsa zai ba da labari kafin bazara.

Amma akwai wani aiki da take yi wanda ba mu cika lura da shi ba. Inda kyanwa ke yawo, nan yaro mai rarrafe yake yawo: ƙarƙashin gado, bayan randa, gindin murhu, lungun ɗakin ajiya. Nauyinta bai wuce kilo 3 zuwa 4 ba, saboda haka guba ita take fara kayarwa. Idan kyanwa mai lafiya ta mutu farat ɗaya a cikin gida, kada a jefar da ita a juji a manta. A tambaya: me ya kashe ta? Wannan abin yana nan cikin gidan, kuma yaro na iya kai hannu gare shi. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

Ranar da abin ya faru

Kada a taɓa gawar da hannu tsirara. A sa leda a hannu. A duba bakinta da inda ta kwanta: akwai kumfa? Akwai jini a hanci ko a kashinta? Akwai amai mai warin tafarnuwa? A kori yara da kaji daga wurin, a kwashe aman da ƙasar da ke ƙarƙashinsa. A haƙa rami mai zurfi, kamar mita 1, nesa da rijiya, a binne ta tare da su. Gawar da aka jefar a fili, kare zai ci, ungulu za ta ci, gubar ta ci gaba da kisa.

Akwai lokacin da ba a gaggawar binnewa. Idan kafin ta mutu halinta ya sake, tana faɗa babu dalili, tana dalala, ko ta ciji wani, ko ta yaƙushe shi, a sanar da malamin dabbobi tukuna. Kyanwa ma tana ɗaukar ciwon haukan kare. Wanda ta ciza ya wanke wurin da ruwa da sabuni har minti 15, ya tafi gidan likita ran nan, ba gobe ba. Wannan ciwo, in alamunsa suka fito a jikin mutum, an makara.

Sai maganar yara, kuma a nan ne manya suke yawan yin kuskure. Yaron da ya raini kyanwa tun tana ƴar mitsitsiya, yana raba tuwonsa da ita, tana kwana a ƙafarsa lokacin ɗari, in ta mutu zai yi kuka, wani ma ya ƙi cin abinci kwana ɗaya ko biyu. Babba ya zo ya ce: "Don kyanwa kake kuka? Kai ba namiji ba ne?" Wannan magana ba ta share hawaye, ɓoye su take sa a yi. Ga yara da yawa, wannan ce mutuwa ta farko da suka gani da idonsu, kuma yadda aka bi da su a ranar suna riƙe shi. Tausayin dabba ba rauni ba ne. Babban sahabin nan Abu Huraira, ƴar kyanwar da yake ɗauka ce ta jawo masa wannan laƙabi, kuma da shi duniya ta san shi.

A gaya wa yaro gaskiya, daidai hankalinsa: ta mutu, ba za ta dawo ba, yanzu ba ta jin zafi. Kada a ce ta yi tafiya, domin zai yi ta tsaron ƙofa. Kada a ce barci take, domin ƙaramin yaro na iya jin tsoron kwanciya. In yana so ya tsaya a wurin binnewa, a bar shi ya tsaya, amma babba ne zai ɗauki gawar. In ya maimaita tambaya ɗaya sau goma, a amsa masa sau goma.

Abin da ya fi ciwo shi ne idan akwai wanda ya yi sanadi: yarinyar da ta bar tano a buɗe, uwar gidan da ta dama maganin ɓera da kifi, mai motar da ya ja da baya bai duba ba. Irin wannan mutum ba ya buƙatar tuni, zuciyarsa ta riga ta hukunta shi. Wanda ya kashe dabba da mugunta daban, wanda tsautsayi ya biyo ta hannunsa daban. Dukan yarinyar ba zai rufe tano ba. Abin da ya fi, a ce mata: zo mu nemo murfi tare. Wanda aka ba aikin gyara ya fi wanda aka bari da zargi saurin samun sauƙin rai. Kada kuma a manta da tsohuwar da ke zaune ita kaɗai a ɗaki, wadda kyanwar nan ce abokiyar hirarta. A leƙa ta, a yi mata jaje, ba abin dariya ba ne.

Maganin ɓera

Abin mamaki, maganin da aka saya don ya taya kyanwa aiki shi ne yakan kashe ta. Iri biyu ne suka fi yawa a kasuwanninmu, kuma yana da kyau a bambanta su.

Na farko baƙin gari ne mai warin tafarnuwa. In ya shiga ciki ya gamu da ruwan tumbi, sai ya saki iska mai guba. Yana aiki da sauri, cikin ƴan awoyi, kuma ba shi da makari. Aman dabbar da ta ci shi ma yana fitar da wannan iska, saboda haka a fitar da ita fili, kada a sunkuya a kai.

Na biyu mayaudari ne. Sau da yawa ƙwayoyi ne ko dunƙule masu launi, ja ko shuɗi ko kore, kamar alewa a idon yaro. Shi jini yake hana daskarewa. Wanda ya ci ba ya nuna komai ran farko da ta biyu. Sai bayan kwana 3 zuwa 5 a ga kasala, dasashi ya yi fari, jini na fita ta hanci ko ta bayan gida. Wannan yana da makari, wato bitamin K1, amma sai an je da wuri. Kada a ce tun da yaro yana wasa lafiya lau, ba abin da ya same shi.

Ta hanya biyu kyanwa ke gamuwa da shi. Ko ta ci abin da aka dama maganin da shi, kifi ko ƙuli-ƙuli ko sauran tuwo, ko ta kama ɓeran da ya ci. Ɓeran da guba ta kama ba ya gudu sosai, shi ne mafi sauƙin kamu. Guda ɗaya ba lalle ya kashe ta ba, amma in ta ci yau ta ci gobe, gubar tana taruwa a hantarta.

A ganinmu, gidan da ke da kyanwa da ƙananan yara bai kamata ya fara da guba ba. A share ciyawa da tarkace kewaye da rumbu. A toshe ramuka. A rufe abinci da dare. In kuwa ɓera ya yi yawa har sai an sa magani, a kife tsohuwar tukunya a kansa, a huda mata ƴar ƙofa wadda ɓera kaɗai zai iya shiga, a danne ta da dutse mai nauyi. Tarko ma haka za a ɓoye shi. Kowace safiya a zaga a tsince matattun ɓeraye a binne, kafin kyanwa da kaji su riga mu.

Maganin ƙwari da maganin mutane

Fiya-fiya da ake ɗurawa a ƙananan kwalabe babu takarda, maganin gona ne, ba na ɗakin kwana ba. Kyanwa in ta taka inda aka yayyafa shi, za ta lashe ƙafarta, don ita da harshe take wanka. Sai dalala, rawar jiki, zawo, ƙwayar ido ta tsuke, numfashi ya yi wuya. Alamun nan su ne ake gani a jikin yaro. Haka nan maganin kaska da ƙuma na shanu ko na kare: wanda ke ɗauke da sinadarin permethrin yana sa kyanwa farfaɗiya, har ya kashe ta. In ya taɓa jikinta, a wanke ta da ruwa mai ɗumi da sabuni, a kai ta wurin malamin dabbobi. Wannan magana ba ta shafi gidan sauro mai magani ba. A ci gaba da kwana a cikinsa.

Ƙwayar nan da ake jefawa cikin buhun wake don kashe ƙwaro, iska mai guba take saki in ta ji laima, kuma iskar na ratsa buhu ta bi ta ƙofa da tsagar bango. Buhun da aka sa wa ita ba ya kwana ɗaki ɗaya da mutum, ko ɗakin da ke manne da na kwana. In aka wayi gari kyanwa ko kaji sun mutu kusa da ɗakin ajiya, mutanen gida kuma na kukan ciwon kai da amai, a fitar da kowa waje nan take. Ga wake akwai hanyar da ba ta buƙatar guba: buhu mai ninki uku da ake kira PICS, wanda aka soma yaɗawa a 2007, kuma masu bincike na INRAN a Maraɗi suna cikin waɗanda suka gwada shi. Leda biyu a ciki, buhu a waje, a ɗaure kowane da kyau. Ƙwaro ya rasa iska ya mutu.

Wani kuma tausayi ne ke kai shi. Ya ga kyanwarsa ba ta da lafiya, ya ɓare farasitamol ya ba ta. Hantar kyanwa ba ta iya sarrafa wannan magani kamar ta mutum. Ƙwaya ɗaya ta babban mutum ta isa ta kashe ta: fuska da ƙafafu su kumbura, dasashi ya yi duhu, numfashi ya gagara. Maganin mutum na mutum ne, a rataye shi sama cikin gwangwani mai murfi. Albasa da tafarnuwa ma, in ta ci da yawa, suna lalata mata jini, ko da an dafa su. Mutanen Galmi su yi mana afuwa, ba laifin albasarsu ba ne.

Sauran tarkunan gida ba su buƙatar dogon bayani. Rijiya, tano da bokiti mai ruwa, a rufe su: ruwan da bai kai gwiwa ba yana iya cin yaro mai koyon tafiya in ya faɗa da ka. Lokacin ɗari, a Disamba da Janairu, kyanwa na neman ɗumi a tokar murhu da cikin injin mota, don haka a kashe garwashi, direba kuma ya bubbuga murfin inji kafin ya tada. Zare da allura, a mayar da su gwangwani. Kananzir, ruwan batir da sodar da mata ke haɗa sabuni da ita, kada a taɓa zuba su a kwalbar lemo ko ta ruwan sha.

In yaro ne ya sha

Kada a sa masa yatsa a baki don ya yi amai. Kananzir in ya dawo yana iya shiga huhu, soda kuwa ta ƙona maƙogwaro sau biyu, da shiga da fita. Kada a ɗura masa nono ko mai, ba makari ba ne, wasu gubobin ma maiƙo na taimaka musu shiga jiki. In abin ya zube masa a jiki, a tuɓe rigar, a wanke fata da ruwa mai yawa. A kwantar da shi a gefensa, a nufi gidan likita ba tare da jiran alama ba. A tafi da kwalbar ko ledar maganin, domin da ita likita zai san abin da yake faɗa da shi.

Idan kyanwar da ta mutu ta bar ƴaƴa, mafi alheri a nemo wata mai shayarwa a maƙwabta, sau da yawa tana karɓarsu. In ba a samu ba, a sa su a kwali da tsumma don ɗumi, a ɗiga musu nonon akuya mai ɗumi kaɗan-kaɗan duk bayan awa 2 ko 3, suna kwance bisa cikinsu. Bayan kowane ci a shafa musu ƙasan ciki da jiƙaƙƙen tsumma, don ba su iya fitsari da kansu sai sun kai kamar mako 3. Wannan aiki ne da ya dace da yaron da ke cikin jimami, a ba shi.

Sabuwar kyanwa kuwa, kada a kawo ta washegari don a rufe bakin yaro. A bari sai shi da kansa ya nema, kuma sai an gano abin da ya kashe ta farko an kawar da shi. In za a karɓo, a karɓo wadda ta cika mako 8 tare da uwarta, ta iya cin abinci da kanta.