Yadda Ake Gano Matsalar Wuta a Tsohon Babur

Mai tsohuwar Honda CG125, irin ta farko mai batir ɗin bolt 6 da kwantak, ya san ranar da za a yi ta buga kik har gumi ya keto amma injin ya ƙi tashi. Kafin ka sayi sabon kwayil bisa zato, bi wutar daki-daki, domin sau da yawa tsatsa ce ko waya da ta saki.

Da farko ka san cewa wutar wannan babur kashi biyu ce. Magneto ne ke ba fulogi da babbar fitila wuta, batir kuwa shi ke riƙe da hon da sigina da fitilar birki. Saboda haka mutuwar batir ba ta hana injin tashi.

Idan injin ne ya ƙi, kwance fulogi, ka mayar da shi cikin hularsa, ka jingina ƙarfensa da jikin injin, ka buga kik. Kada ka riƙe shi da hannu, kuma ka nisanta shi da fetur. Tartsatsi shuɗi mai ƙarfi alamar lafiya ce. Idan ja ne mai rauni ko babu, goge bakin fulogin, ka daidaita tazararsa zuwa milimita 0.6 ko 0.7.

In bai gyaru ba, buɗe murfin magneto ka duba kwantak. Goge bakinsa da lallausan sanfefa, ka share maiƙo. Tazararsa in ya buɗe sosai milimita 0.3 zuwa 0.4 ce, kuma ya kamata ya fara buɗewa daidai lokacin da alamar F ta zo saitin tsagar da ke jikin injin. Idan bakin ya ci wuta ya yi ramuka, zargi kondensa. Kwayil shi ne na ƙarshe a jerin zargi.

Idan hon da sigina ne suka yi sanyi, ɗora mita a kan batir. Cikakke yana nuna wajen bolt 6.3. Duba ruwansa, ka kankare farin garin da ke taruwa a kawunansa, sannan ka duba fis. Fis da ke ƙonewa da an saka yana nufin wata waya ta goge tana taɓa ƙarfe. Nemo ta a wuyan babur, inda wayoyi ke lanƙwasa kullum, kada ka naɗa wayar tagulla a madadin fis.

Daga nan sai as. A tsarin Honda, koriyar waya ce as, ja kuma daga batir take. Kwance inda koriyar ta kama jikin babur, ka goge har ƙarfe ya yi ƙyalli, ka ɗaure tam. A bolt 6, tsatsa kaɗan ta isa ta cinye wutar.

Gyara abu ɗaya, ka gwada, sannan ka wuce na gaba. Ta haka ranar da matsalar ta dawo, ka san inda za ka fara taɓawa.