Darasin kiwon lafiya: kada a sayar da gyaɗa duka

A ƙasar Magariya da Dungas ana noman gyaɗa tun kaka da kakanni. Wasu na ce mata gujiya. Manomi yakan kai ta kasuwa don ya samu kuɗi. Amma gyaɗa abinci ce mai tsare jiki.

Cikin gyaɗa akwai wani bitamin mai suna niyasin. Likitoci na ce masa B3. Shi ke taimakon jiki ya mai da abinci ƙarfi. Yana kuma kiyaye fata da hanji da ƙwaƙwalwa.

Jiki ba ya ajiye shi da yawa, don haka kullum sai an ci. Magidanci na bukatar miligaram 16 a yini, mace 14, mai ciki 18. Garam 100 na gyaɗa na ɗauke da wajen miligaram 12. Ana kuma samunsa cikin ƙuli-ƙuli, wake, hanta, nama, kaza da kifi. Nono da ƙwai su ma suna taimako, domin jiki na haɗa niyasin daga gare su.

Rashinsa na kawo ciwon da ake kira pelagra. Fata takan yi baƙi, ta yi kaushi inda rana ke bugu: wuya, bayan hannu da ƙafa. Sai zawo ya biyo baya, sannan ruɗewar hankali. In ba a yi magani ba, yana kisa.

Ciwon ya fi kama masu cin masara zalla, don niyasin ɗinta a ɗaure yake, jiki ba ya iya amfani da shi sosai. A shekarar 1990, a ƙasar Malawi, gyaɗa ta yanke cikin rabon abincin ƴan gudun hijirar Mozambik. Masara ta rage musu. Mutum fiye da 17,000 suka kamu.

Ga abin lura. Da damina rumbu yakan yi ƙasa, a koma awon masara a kasuwa. To, tun da kaka maigida ya ware gyaɗa da wake na gida. Uwargida ta zuba dakakkar gyaɗa cikin miya da kunun yara. Gyaɗar da ta yi fumfuna kuwa, a zubar. Wanda aka ga alamun ciwon a jikinsa, a kai shi asibiti da wuri. Akwai magani.

Tambayoyi:
1. Wane aiki niyasin ke yi a jiki?
2. Mene ne alamun pelagra?
3. Tiya nawa ta gyaɗa ya kamata gida ya ajiye bana?